Zanzibar, Maldibs, Sharm ko Dubai: wace gaɓa ce ta dace da iyali mai mutum bakwai?

"Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a nan Kano. Ina so in kai iyalina hutun bakin teku a dogon hutun makaranta na watan Agusta, kwana shida ko bakwai. Mu bakwai ne: ni, da maiɗakina, da yara huɗu (babbar 'yar shekara 15, sai maza masu 11, 7 da 3), da kuma Hajiya mahaifiyata. An nuna mini otal-otal na alfarma a Zanzibar, Maldibs, Sharm el-Sheikh da Dubai, duka masu tauraro biyar, hotunansu kuma kowanne ya fi wani kyau. Kuɗi ba su ne babbar matsala ba, amma ba na son asara. Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi, ya kuma saka maka da alheri da ka sa Hajiya a cikin tafiyar.

Tambayarka ita ce wanne ya fi, amma abin da kake nema a gaskiya shi ne wanda zai ɗauki mutum bakwai masu buƙatu daban-daban a watan Agusta: tsohuwa mai son inuwa da ɗan gajeren tattaki, uwa da budurwa masu son shiga ruwa ba tare da idon maza ba, samari biyu masu neman abin da zai gajiyar da su, da ɗan shekara uku wanda ba a ɗauke ido daga kansa. Tauraro biyar ba ya amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kowace ƙasa ita ke raba wa otal-otal ɗinta taurari da ma'auninta, shi ya sa mai biyar a Masar, inda Sharm take, zai iya zama daidai da mai huɗu a Dubai. Hoto kuwa an ɗauke shi ne a wata mafi kyau, a sa'a mafi kyau, lokacin da teku ya cika. Don haka a sana'armu ta shirya tafiye-tafiye ba otal ake fara zaɓa ba. Ana fara duba wata, sannan irin gaɓar, sannan yadda za a raba ɗakuna. Sunan otal shi ne na ƙarshe.

Abin da Agusta ke yi wa kowane wuri

Dubai ce ta fi sauƙin yanke hukunci. A Agusta zafinta yana haura digiri 40, ga gumi mai nauyi da Bakano bai saba da shi ba, domin zafinmu na bazara busasshe ne. Ruwan tekun kansa yana ɗumi har ya wuce digiri 30, sai ka shiga ka ji kamar an surka maka ruwan wanka. Otal-otal suna karya farashi a lokacin, kuma wuri irin Atlantis The Palm, wanda aka buɗe a 2008 da katafaren filin wasannin ruwa, zai burge yara ƙwarai. Amma za ku bar sanyin daminar Kano ku je ku wuni a cikin na'urar sanyaya ɗaki da manyan kantuna. In sayayya ake so, to. In bakin teku ake so, a bar Dubai sai tsakanin Nuwamba da Maris.

Maldibs tana cikin daminarta daga Mayu zuwa wajen Nuwamba. Ba wai ana wuni ana tafka ruwa ba ne. Yakan sauko da ƙarfi na sa'a ɗaya ko biyu ya ɗauke, amma akan yi rashin sa'a a samu kwana biyu ko uku a jere da hadari da iska, teku ya yi tsauri. A hutun kwana shida wannan rabin tafiya ne. Ladan abin shi ne farashi yana sauka sosai idan aka kwatanta da Disamba zuwa Afrilu.

Zanzibar kuwa Agusta na cikin watanninta mafi daɗi. Babbar daminarta Maris zuwa Mayu ce, ƙaramar kuma wajen Nuwamba. Daga Yuni zuwa Oktoba gari a bushe yake, zafin rana bai cika kai digiri 30 ba, da dare har a nemi mayafi. Sai dai Turawa ma sun san haka, kuma lokacin hutunsu ne, saboda haka ɗakunan iyali suna ƙarewa da wuri, farashi kuma yana sama.

Sharm el-Sheikh tana da zafi a Agusta, wajen digiri 37 zuwa 40, amma irin namu ne, busasshe, ba ruwan sama ko ɗigo. Wanda ya yi azumi a watan Afrilu a Kano ba zai ga baƙon abu ba. Dokar kawai ita ce a shiga inuwa daga ƙarfe sha ɗaya zuwa La'asar.

Bakin teku ba ɗaya ba ne

Nan ne aka fi yin asarar da kake gudu, musamman a Zanzibar. Unguja, babban tsibirin Zanzibar, yana da gaɓa iri biyu da suka sha bamban. A gabas, wato Paje, Jambiani, Bwejuu, Kiwengwa da Matemwe, teku yana janyewa sau biyu a kowace rana, kuma ba ƙaramar janyewa ba: ruwa kan koma baya ɗaruruwan mitoci, a wasu wurare ya kusa kilomita, ya bar fili mai ciyawar ruwa da duwatsu da wata halitta mai ƙaya kamar bushiya wadda in yaro ya taka ta ranar ta lalace. Sai bayan kusan sa'a shida ruwan ya dawo, kuma lokacin yana matsawa da kusan minti hamsin kowace rana. Ka ga ke nan za ka iya biyan otal mafi tsada a gabas, amma yaranka su samu tekun ninƙaya na sa'o'i kaɗan kawai, wata rana ma da tsakar rana. A Agusta kuma iskar kudu maso gabas, wadda mutanen wurin ke kira Kusi, tana bugun wannan ɓangare kai tsaye. Shi ya sa masu wasan tsere da iska suka mamaye Paje. Ga masu neman shiru da faɗin wuri gabas tana da kyau, kuma otal-otal ɗinta sun fi filin lambu. Ga iyali mai son shiga ruwa, arewa ce: Nungwi da Kendwa, inda ƙasan teku ke gangarawa da sauri, ruwa ba ya nisa ko ya janye. Kendwa ta fi faɗin rairayi. Aibin arewa shi ne cunkoso, da kiɗan dare a wasu sassa, da samari masu tallar yawon jirgin ruwa da ba sa gajiya da bin mutum. A tambayi nisan otal daga wuraren casun dare kafin a biya. Daga filin jirgin Abeid Amani Karume zuwa Nungwi tafiyar sa'a ɗaya da rabi ce a mota, ko ƙasa kaɗan.

Sharm tana da nata sirrin. Abin da ya sa ta shahara shi ne duwatsun murjani da kifaye masu launi na Bahar Maliya, kuma waɗannan duwatsun a otal da yawa sun zo har bakin gaɓa. Ma'ana ba a taka ruwa daga rairayi a shiga. Ana bin wata doguwar gadar katako ne a sauka ta tsani kai tsaye cikin ruwa mai zurfi. Ga 'yar shekara 15 da ɗan 11 in sun iya ruwa, wannan abin tunawa ne har girma. Ga ɗan shekara uku da Hajiya, ba shi da amfani. Naama Bay ce ke da rairayin da ake shiga a hankali. Nabq tana da sababbin manyan otal-otal da filayen wasan ruwa, amma iska ta yi mata yawa, sau da yawa a kafa jan tuta a rufe gadar. A Hadaba da Ras Um Sid otal-otal suna kan tudu ne, ana sauka teku ta matakala masu yawa. Mai ciwon gwiwa ta tabbatar akwai lifta. In rairayi mai laushi ne muradinka a Masar, ka duba ɗaya gefen tekun, wajen Hurghada: Makadi Bay, Sahl Hasheesh da Soma Bay sun fi dacewa da ƙananan yara.

Maldibs daban take da kowa. Tsibirai ne kusan 1,200, kuma tsarin shi ne tsibiri ɗaya, otal ɗaya. Ba gari, ba kasuwa, ba wani gidan abinci a waje. Duk abin da za ku ci ko ku sha a hannun otal ɗin yake, da farashinsa. Ruwan kewayen tsibirin yawanci kwance yake, garai-garai, bai wuce ƙugu ba, wanda ya dace da yara ƙwarai. Amma ɗakunan nan da ake gani a hoto a kan ruwa ba na mai ɗan shekara uku ba ne. Barandarsu ba ta da shinge, ƙasa kuma teku ne. Otal da yawa ba sa ba wa masu yara 'yan ƙasa da shekara 12, waɗanda ke bayarwa kuma sai ka sa hannu cewa alhakin yana wuyanka. Ku ɗauki na bakin rairayi. Wani abin da ba a faɗa: tsibirin da za a zagaye a ƙafa cikin minti ashirin yana isar ma'aurata sabon aure, amma ɗan shekara 11 zai fara tambayar yaushe za a koma gida tun rana ta uku, in ba a zaɓi babban tsibiri mai kekuna da filin ƙwallo da darasin nutso ba.

Maganar mata, abinci da sallah

Wannan ce tambayar da maza ba sa yi sai an isa. Dukan wuraren huɗu ƙasashen Musulmi ne ko masu rinjayen Musulmi, amma otal ɗin alfarma an gina shi ne don baƙon Turai. Za a ga giya a teburin kusa, za a ga shigar wanka irin tasu a ko'ina. Abin da muke yawan gani shi ne maigida da yara maza sun sha ruwa sun more, uwargida da 'yarta sun yi kwana shida a kan kujera da mayafi suna gadin takalma. An biya musu kuɗi daidai da kowa, ba su jiƙa ko ƙafa ba.

Mafita uku ce. Ta farko, ɗaki mai tafkin ninƙaya na kansa wanda aka kewaye da katanga ko shuke-shuke. Maldibs ta fi kowa a nan, Zanzibar na biye. Sai dai a nemi hoton ainihin ɗakin daga waje, domin wani tafkin a buɗe yake ga duk mai wucewa ta rairayi. Ta biyu, rigar ninƙaya mai rufe jiki, wadda ake kira burkini. Dole ta zama ta yadin ninƙaya na gaske. Ba a yarda da atamfa, abaya ko rigar auduga a tafki ba, kuma a wuraren zamiya na ruwa ana hana duk tufa mai yalwa saboda tana iya maƙalewa. A Dubai da Maldibs ba a samun matsala da ita. A Masar, abin mamaki, an sha samun otal-otal na masu kuɗi da ke hana ta, don haka a samu amincewarsu a rubuce kafin a tura ko sisi.

Ta uku ba ta cikin jerinka, amma ya kamata ka sani. A gaɓar Antaliya ta Turkiyya, musamman wajen Alanya, akwai otal-otal da aka gina don iyalan Musulmi, irin su Bera, Adenya da Wome Deluxe. Ba giya a cikinsu sam, abinci duka halal ne, akwai masallaci, akwai tafkuna da wuraren wasan ruwa na mata zalla da aka killace, wasu har da wani yanki na teku. Ma'aikatan sashen mata ne, kuma ana karɓe waya da kyamara a ƙofa. Yaro namiji da ya wuce 'yan shekaru ba ya shiga, saboda haka masu 7 da 11 suna hannunka ke nan. Agusta tsakiyar kakarsu ce, da zafi da ɗan gumi da cikar jama'a, kuma ƙawar ɗakunansu ba ta kai ta Maldibs ba. Amma in ma'aunin shi ne kowa a gidan ya shiga ruwa hankali kwance, ban ga wanda ya kama ƙafarsu ba. Daga filin jirgin Antaliya zuwa Alanya kusan sa'a biyu ce a mota. Akwai ƙaramin fili a Gazipasha da ya fi kusa.

Game da abinci, nama a Masar, Dubai da Turkiyya ba abin damuwa ba ne. A Maldibs kusan komai shigo da shi ake yi, kuma an yarda wa otal-otal su sayar da naman alade da giya ga baƙi, ko da yake an hana a garuruwan 'yan ƙasa. Yawanci ana ware shi da alama. Inda aka fi tuntuɓe shi ne miya da kayan zaƙi, domin masu dafa abincin Turai suna zuba giya a wasu. A sanar da shugaban kicin tun daren farko, za su riƙa nuna muku. Hajiya kuma kada a dogara da cewa za ta saba. A tafi mata da yaji, da garin kunu, da man shanu kaɗan a rufaffen mazubi cikin babbar jaka. Shinkafa da gasasshen kifi da kaza ba sa yankewa a ko'ina, kuma girkin Zanzibar na pilau da biriyani da kanumfari ya fi kusa da harshenmu.

Alƙibla ma tana rikita mutanenmu, don mun saba fuskantar gabas. A Zanzibar kusan arewa ake kallo, a Maldibs arewa maso yamma, a Sharm kudu maso gabas, a Dubai kuwa yamma, da ɗan karkata kudu. Sallar Juma'a a Maldibs ana yin ta a masallacin ma'aikata da ke yawancin tsibiran, sai ka tambaya a nuna maka. A Sharm akwai Masallacin Sahaba a tsohuwar kasuwa, wanda ya cancanci ziyara ko ba Juma'a ba. A saka buta a kaya, ba ta da nauyi.

Ɗakuna da lissafin da ba ya fitowa a talla

Farashin da aka nuna maka kusan kullum na mutum biyu ne a ɗaki ɗaya. Yawancin ɗakuna ba sa ɗaukar fiye da manya biyu da yara biyu, ko manya uku. A otal kuma yaro yana zama babba ne daga shekara 12, don haka 'yarka babba ce a lissafi: ku manya huɗu ne da yara uku. Rabon da ya fi dacewa shi ne kai da maiɗakinka da auta a ɗaki ɗaya, Hajiya da budurwar da samarin biyu a na biyu in otal ya yarda da huɗu, in bai yarda ba sai na uku. Ka kwatanta wannan da gida guda mai ɗakunan kwana biyu ko uku da falo. Sau da yawa bambancin kuɗin kaɗan ne, kuma ga tafki na kanku. Idan ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani kake so, lura da lafazin takardar. In an rubuta cewa za a duba buƙatarka, ba alkawari ba ne, kuma a Agusta da otal ya cika za a iya jefa Hajiya a wani gini daban. Sai an sayar maka da su a matsayin rukuni guda mai suna da farashinsa.

Tsarin abinci haruffa ne a takarda. BB karin kumallo kawai, HB da na dare, FB sau uku, AI kuma komai da komai har abin sha. Kaso mai tsoka na kuɗin AI na giya ne, wadda ba za ku sha ba. A Masar da Turkiyya wannan ba ya tasiri, domin kusan duk otal-otal a kan AI suke kuma da araha. A Zanzibar ta arewa HB ya isa, tunda akwai gidajen abinci a waje kuma za ku fita yawo. A Maldibs kada a kuskura a ɗauki BB da mutum bakwai. Abincin rana ɗaya zai iya cin kuɗin ɗaki. A nemi FB tare da ƙarin lemo da ruwa, ko AI marar giya, wanda wasu ke bayarwa da ragi in an tambaya.

Sai haraji. Ga misali da Maldibs, inda ya fi nauyi. Ana ɗora kashi 10 cikin ɗari na hidima, sannan a ɗora harajin yawon buɗe ido na kashi 17 a kan jimlar, sannan harajin muhalli na dala 12 ga kowane mutum a kowane dare, wanda 'yan ƙasa da shekara biyu ne kawai ba sa biya. A ce ɗaki dala 800 ne, biyu 1,600. Da hidima ya zama 1,760, da haraji 2,059, da na muhalli na mutum bakwai, wato 84, ya kai 2,143 a dare. A dare shida, abin da ka gani a matsayin dala 9,600 ya koma kusan 12,860, ba a kuma yi maganar isa tsibirin ba. Tsibirai masu nisa sai da jirgin sama mai sauka a kan ruwa, wanda kujerar babba zuwa da dawowa takan haura dala 400. Wannan jirgi da rana kawai yake tashi. In kun sauka Male, babban birnin ƙasar, da yamma liƙis, sai kun kwana a gari da kuɗinku alhali ɗakinku na tsibiri yana ƙirga. Kayan da yake ɗauka kuma kilo 20 ne da jakar hannu mai kilo 5, abin da ya wuce a biya, ka kuwa san kayan matanmu. Ga ƙara, ga zafi, ga hawa daga wani dandamali mai lilo a kan ruwa, wanda ba na so wa Hajiya. Tsibiran da ke kusa da filin jirgin Velana na Male, waɗanda ake isa da jirgin ruwa mai gudu cikin minti goma zuwa arba'in a kowane lokaci, su ne naku. Kurumba, otal na farko da aka buɗe a ƙasar a 1972, yana cikin irinsu.

Dubai ma tana ɗora hidima da harajin birni da na kaya, da dirhami 20 a kowane ɗaki kowane dare a masu tauraro biyar. Zanzibar tun Oktoban 2024 ta wajabta wa kowane baƙo inshorar tafiya ta hukumarta, dala 44 ga babba, ko da kana da wata. A ko'ina ka nemi jimla ta ƙarshe a rubuce, wadda ta haɗa haraji da ɗauko ku daga filin jirgi.

Hanya da biza daga Kano

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano hanyoyi uku ne suka fi amfani: jirgin Masar zuwa Alƙahira, daga nan sa'a ɗaya zuwa Sharm ko Hurghada, jirgin Habasha ta Adis Ababa zuwa Zanzibar, jirgin Katar ta Doha zuwa Male. Na Turkiyya sai an gangara Abuja. Masar ce mafi gajarta. Maldibs ce mafi nisa, kusan sa'a bakwai zuwa Doha, kusan biyar daga can, ban da jira, ga bambancin sa'a huɗu da agogonmu wanda zai hargitsa barcin auta kwana biyu. Jiragen nan ba kullum suke tashi daga Kano ba, saboda haka ranakun jirgi ne za su tsara ranakun otal, kada a yi akasin haka.

A biza abin ya juye. Maldibs ce mafi sauƙi: ana buga ta kyauta a filin jirgi ta kwana 30, in akwai shaidar otal da tikitin dawowa, an kuma cike fom ɗin Imuga ta intanet cikin sa'a 96 kafin sauka. Tanzaniya kuwa, wadda Zanzibar ke ƙarƙashinta, ta sa masu fasfon Najeriya a rukunin da sai an tura takardunsu an tantance kafin a amince, abin da kan ɗauki makonni, wani lokaci har wata biyu. Wanda ya fara neman bizar Zanzibar a Yuli don tafiyar Agusta ya makara. Masar da Turkiyya da Dubai duk sai an nema tun daga gida. Dokokin biza suna sauyawa ba sanarwa, don haka a tabbatar da na ranar daga ofishin jakadanci, kuma kada a biya otal da kuɗin da ba a mayarwa sai biza ta fito. Kowane fasfo, har na auta, ya kasance da sauran wata shida aƙalla. Kowa kuma ya riƙe katin rigakafin shawara, wanda ba ya aiki sai allurar ta kwana goma.

Wajen biya, katin naira ba abin dogaro ba ne ga kuɗi masu yawa haka. A tafi da katin asusun dala. Otal zai riƙe wani adadi a katin ranar shiga a matsayin jingina, kuma sakinsa kan ɗauki kwanaki bayan an fita. In za ka sayi tsabar dala a Wapa, ka zaɓi sababbin takardu marasa tabo, domin a Zanzibar ana ƙin tsofaffi. Abin da ya haura dala 10,000 a hannu dole a bayyana shi ga kwastan.

Yara da ruwa

Yawancin yaran Kano ba su iya ninƙaya ba, kuma wanda ya iya a tafki bai san teku ba. A sa su darasi na makonni huɗu zuwa shida kafin tafiya. A saya wa masu 3 da 7 rigar ceto mai ɗauri daidai nauyinsu. Robar hannu da ake hurawa abin wasa ce. A haɗa da takalmin shiga ruwa ga kowa, da man kare fata daga rana, domin baƙar fata ma tana ƙonewa a bakin teku. Ba kowane otal ke da masu ceto a gaɓa ba, musamman a Maldibs da Zanzibar, a tambaya. Zauren kula da yara yawanci daga shekara 4 zuwa 12 yake karɓa kyauta, ka ga auta bai kai ba, sai da babba a tare da shi ko mai reno ta kuɗi, budurwar kuma ta wuce. In Hajiya tana da hawan jini ko ciwon suga, likitanta ne zai ce ko ta iya doguwar tafiya, ba ni ba. Abin da zan iya cewa shi ne Sharm da Alanya da Dubai suna da asibitoci a cikin gari, tsibirin Maldibs kuwa ɗan ɗakin shan magani ne da likita ko nas, babban asibiti sai Male.

In ni ne zan tsara muku, Alhaji, a wannan Agusta zan sa Kendwa ko Nungwi a gaba, gida mai ɗakuna biyu ko uku da tafkinsa, a kan HB, muddin akwai wata uku a hannu don biza. Yanayi ya fi daɗi, kuma akwai abin yi bayan ruwa: tsohon garin Stone Town, gonakin kayan ƙamshi, dajin Jozani da jajayen birai, da manyan kunkuru a tsibirin Changuu. In shigar mata ruwa ce ta fi komai, Alanya. In lokaci ya ƙure ko ana son gajeriyar hanya saboda Hajiya, Makadi Bay ko Naama Bay. Maldibs a ajiye ta sai hutun Disamba ko Afrilu, tare da sanin cewa a makon Kirsimeti da sabuwar shekara ana tilasta biyan kuɗin liyafar dare ga kowane kai, ko an halarta ko ba a halarta ba.

Otal ɗaya tak ba zan yanke maka daga nan ba, domin shugabanci yana sauyawa, wanda ya yi fice bara zai iya lalacewa bana. Ka ware biyu ko uku a gaɓar da ka zaɓa, ka karanta ra'ayoyin baƙin watanni uku na baya kawai, ka fi ba da ƙarfi ga na masu yara da na Larabawa, don buƙatunsu sun fi kama da naku. Sannan ka tura wa otal ɗin da kansa wasiƙa, ba ejan kaɗai ba, su tabbatar maka da rabon ɗakuna da shekarun kowane yaro a rubuce, da ɗakin ƙasa kusa da wurin cin abinci saboda Hajiya, da matsayinsu kan burkini, da ko akwai gini ko gyara da ake yi a watan, da ranar ƙarshe da za ka iya fasawa a mayar maka da kuɗinka. Amsar ka buga ta a takarda ka sa a jakar fasfo.